Yadda Za Ka Ci Gaba da Zuwa Ofis Bayan An Sallame Ka

In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari daga Tambuwal har Kebbe ba wanda zai san an rage ka daga aiki. A wurin Ɗan'iya akawu na koye su, gwanin da ba a yi kamarsa ba.

1. Kada ka ba da makulli

Ranar da aka sallami Ɗan'iya aka ce ya miƙa makullin ofis, ya ce yana aljihun wata riga. Da ya dawo Litinin ya tarar an sake kwaɗo. Wannan kada ya dame ka. Jama'a ƙarar makulli suke ji, ba sa tambayar abin da yake buɗewa.

2. Babur

Na gwamnati ne, za su karɓe. Kai dai riƙe hular kwano, ka rinƙa yawo da ita a hammata. Duk wanda ya tambaya, yana wurin gyara.

3. In ka tarar da wani a kujerarka

Gaishe shi, ka koma baranda da fayil ko da babu komai a ciki, ka rinƙa sauri. Manoman Fakku sukan tare Ɗan'iya da bukatunsu, ya ce su dawo gobe. Da yake haka yake ce musu tun yana aiki, ba wanda ya ga bambanci.

4. Maigadi

Wata safiya Lauwali maigadi ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Malam, an ce kar in bar ka ka shiga. Amma ban ji anka hana ka bencina ba."

Zauna. In an wuce, duba agogo ka yi tsaki.

5. Gida

Fita da sassafe, ka dawo kana kukan gajiya. Haka Ɗan'iya ya yi wa matarsa Bara'atu, tana yi masa sannu da aiki, har ranar da mahaifinta Malam Sambo ya sauka daga motar Kebbe ya iske shi a benci. Ɗan'iya ya durƙusa.

"Baba, iska nika sha."

Tsohon ya zauna kusa da shi.

"Tun ranar da anka sallame ka Bara'atu ta aiko muna. Ta ce tana goge maka riga kullum don kar ka ji kunya, amma sayen gawayin guga ya fara isarta. Gona na nan, ruwa ya kusa."

Ɗan'iya ya rasa inda zai sa idonsa. Ya miƙa wa Lauwali fayil, ya ɗauki jakar surukinsa. A nan iliminsa ya ƙare, nawa ma haka.

Hattara

Ni dai shawara na bayar. Wanda ya bi ta ya wayi gari da kantar fartanya a hannu, kada ya neme ni. Ya nemi man kaɗe.