Maruli a Kwale-kwalen Kawu

"Lafiya ƙalau na tashi," in ji Tiurlan, ba ta ko ɗago kai daga komar da take warwarewa ba. "Sai yanzu da na hango tumbi yana gangarowa bakin ruwa, mai shi na biye da shi a baya."

"Horas dai, Pariban. Gaisuwa na zo yi, ba awon ciki ba," in ji Maruli, yana mata gaisuwar garinmu.

"Horas. Wa ya mutu ka sa farar riga?"

Rumfar kofina tana bakin tafkin Toba, taku goma daga inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu, don haka ba abin da ke wuce ni. Maruli Simbolon ɗan goggon Tiurlan ne, ita kuma 'yar kawunsa, abin da muke kira pariban. Taubasai ke nan, irin waɗanda in iyaye sun so sai a haɗa su aure, in kuma ba a yi ba su ƙare rayuwarsu suna tsokanar juna ba mai shiga tsakani. Su biyun nan ba a yi ba. Shekara arba'in da suka wuce, saura kwanaki a kai maganarsu gaban dangi, Maruli ya tsere birnin Medan ya zama direban bas. Ya yi aure a can, ita ma ta yi a nan. Yanzu shekararsa sittin da biyar, matarsa ta rasu shekara uku baya, watan jiya ya tattaro ya dawo gida. Ita kuwa ta fi shekara takwas da rasa nata mijin, tana ci da kanta da solu ɗin mahaifinta, kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya tun kafin a haife ni.

Maruli ya ce so yake ta ƙetarar da shi hayi, gindin dutse, inda kabarin Kawu yake. Wajen ba hanyar mota, jirgi mai inji kuma sai ranar kasuwa yake biyawa.

"Shekara ashirin da rasuwarsa, yau ka tuna kana da kawu?"

"Ai na zo jana'iza."

"Ka zo ka ci nama ka bi motar yamma. Ko kwano ɗaya ba ka wanke ba, alhali ku 'ya'yan goggonni aikinku ke nan a hidimar gidanmu."

"Na raba shinkafa."

"Ka raba wa kanka."

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta ce solu ɗin ya taɓa ɗaukar buhun albasa shida da ɗan maraƙin ɓauna, amma ba ta taɓa gwada shi da direban bas ba. Ya ce shi ba ƙiba gare shi ba, martaba ce ta taru masa wuri guda. Ta ce to ya bar martabar a rumfata ya karɓa in sun dawo. Ta umarce shi ya cire takalmi, ya ƙi, wai takalmin fata ne na Medan, ba zai je gaban Kawu ƙafa ba komai kamar wadda ya sani ba.

Shigarsa kwale-kwalen ta ɗauki lokacin dafa tukunyar kofi guda. Ya sa ƙafa ɗaya, solu ya karkata, ya janye. Ya sake sawa, ya sake janyewa, yana cewa yana duba lafiyar katakon ne kamar yadda direban ƙwarai ke duba taya. Daga ƙarshe Tiurlan ta tokare bayansa da filafili, ya faɗa ciki da zama, ya damƙe gefe da gefe da hannu biyu. Ta tura, ta haye baya, suka fita.

Daga nan ban ƙara jin su ba. Abin da ya faru a kan ruwa kowannensu ya zo rumfar nan ya ba ni nasa daban, kuma inda labaran suka saɓa na ɗauki na Tiurlan, don ita ce idonta yake buɗe.

Ta ce sun yi nisa sosai, ruwan ya tashi daga kore ya koma baƙi. Ta leƙa ta ga ya runtse ido gam, leɓɓansa na motsi.

"Barci kake yi?"

"Tunani nake."

"Tunanin ne yake sa gwiwarka kaɗawa? Ka bari, kana korar mini kifi."

"Shekara talatin da biyar ina hawa da sauka a kan duwatsun nan da mutum sittin a bayana, ban taɓa jin tsoro ba."

"Su sittin ɗin su suka ji maka."

Ta ce masa ya buɗe ido ko ta juya da shi gida ta gaya wa 'yan ƙungiyar mawaƙan coci abin da ta gani. Sai ya buɗe guda ɗaya. Safiya ce mai kyau, gajimare ya sauko har ƙugun duwatsu, gonakin shinkafa sun jeru hawa-hawa, ga rufin cocinmu fari ƙal can baya ya koma kamar akwatin ashana. Ya buɗe ɗayan ma. Ya ce ba laifi, amma ta tagar bas ya fi kyau. Ya tambaye ta zurfin wajen, ta ce kakanta ya taɓa sakin tukunya a nan, har yau ana jira a ji ta taɓa ƙasa. Ya mayar da idon ya rufe.

A nan ne tsohuwar gardamarsu ta tashi, wadda duk ƙauyen ya haddace. Ya ce da ta yi hankali da yanzu tana Medan a gidan siminti, ba tana warin kifi ba. Ta ce ai ita ta fara ƙinsa, tun ranar da ta gan shi yana gudun agwagwa. Ya ce agwagwar mahaukaciya ce, kowa ya shaida. Ta ce ranar da aka ce ya gudu, don murna kwano uku ta ci. Ya ce shi ya ji labarin ta yi kuka har ruwan tafki ya ƙaru, aka kwashe shanyar albasa daga bakin gaɓa.

Suna cikin haka jirgin masu yawon buɗe ido ya ɓullo, mai hawa biyu, kiɗa na tashi, ya wuce su da gudu. Tiurlan ta san abin da ke biyo bayan irin wannan, ta juya hancin solu ya fuskanci igiyar ruwan, abin da take yi kullum ba tare da ta ko daina taunar goronta ba. Ta farko ta ɗaga su ta ajiye. Ta biyu ta watso ruwa ciki, ya jiƙa farar rigar har wuya. Maruli ya lalubi abin kwarfa bai samu ba, sai ya zare takalmin fata na Medan ya shiga kwarfar ruwa da shi, yana kiran sunan Allah da na 'ya'yansa huɗu ɗaya bayan ɗaya.

"Tiur, in mun nutse, ki yafe mini."

"In mun nutse kai kaɗai za ka nutse, ni na iya ruwa."

"Ki saurare ni. Ba ke na guda ba."

Ta ce nan ta daina tuƙi.

Ya faɗa mata, yana kwarfa yana haki, cewa ana saura kwana uku a yi zaman dangi Kawu ya kira shi bakin ruwa, ya dafa solu ɗin nan, ya ce wanda ya auri Tiurlan shi zai gaje shi, kuma daga gobe zai fara fita su da shi. Shi kuwa tun yana ɗan shekara bakwai da ya faɗa ruwa aka ciro shi da ƙyar, ko wanka a bakin tafki ba ya yi sai da bokiti. Ya rasa bakin da zai gaya wa masunci cewa surukinsa tsoron ruwa yake ji. Washegari ya hau motar Medan.

Igiyar ta uku ƙarama ce, ta wuce. Ruwa ya kwanta kamar ba a yi komai ba. Tiurlan ta dube shi.

"Kwale-kwale ka guda?"

"Shi."

"Ni kuwa na ɗauka haƙorana ne. Shekara biyu ina rufe baki in zan yi dariya."

Ya ce ba abin da ya sami haƙoranta, a lokacin dai. Ba ta rama ba, kuma wannan ya fi igiyar ruwan tayar masa da hankali, don tunda suke bai taɓa jifanta da magana ta bar ta a ƙasa ba. Ta ci gaba da tuƙi. Can ya yi gyaran murya ya ce kada ta riƙe abin da ya faɗa, tsoro ne ya yi magana ba shi ba. Ta ce tsoron ya fi shi gaskiya, da shi aka aiko tun shekara arba'in da an huta.

Suka isa gindin dutse. Kabarin yana kan ɗan tudu ƙarƙashin mangwaro, ciyawa ta kusa rufe shi. Maruli ya tuɓe rigar ya shanya, ya durƙusa ya cire ciyawar da hannunsa, tumbi da komai, bai yarda ta taya shi ba. Ya wanke fuskarsa da ruwan da suka ɗebo, kamar yadda ake yi a kabari a wurinmu, ya ajiye karan taba guda a kan simintin, irin wadda Kawu ke sha. Tiurlan ta ja gefe wai tana neman mangwaron da ya faɗo, amma ba ta yi nisan da kunne ba zai kai ba.

"Kawu, ni ne Maruli," in ji shi. "Na yi maka laifi, na kasa zuwa in faɗa kana da rai. Yau ga shi na zo a cikin solu ɗinka, da ƙafata na shiga."

"Tura shi na yi, Baba," in ji Tiurlan daga gindin mangwaro.

"Da Kawu nake magana." Ya sake fuskantar kabarin. "Abin da ka ba ni na ƙi, in har yanzu yana nan, ina so."

"Kwale-kwalen yake nufi, Baba. Kada ka ba shi, zai mayar da shi kwamin ɓauna."

"Har da mai tuƙa shi nake nufi."

Tiurlan ta yar da mangwaron da ta tsinta. Sai ta ce masa ya sa rigarsa, kada Baba ya ga irin abin da ya kusa zama surukinsa. Ya tambaye ta me Kawu ya ce. Ta ce Baba ya ce duk mai son 'yarsa sai ya tuƙa ta zuwa gida.

Ta miƙa masa filafili ta koma gaba ta zauna, ta harɗe hannu kamar matar fasto a motar haya. Maruli ya tuƙa ta dama, solu ya juya. Ya ƙara ƙarfi, ya ƙara juyawa. Sau huɗu suna gaida kabarin Kawu. Ya ce sitiyarin ne ya lalace. Ta ce da haka ya kai mutane Medan, ashe shi ya sa wasu har yau ba su dawo ba. Daga baya ta nuna masa yadda ake murɗa hannu a ƙarshen kowane tuƙi, suka kama hanya a karkace, kamar kaguwa. A tsakiya ta tsayar da shi ta ɗaga komar da ta kafa jiya, ta sami ƙananan kifaye da wani babba jajir, tsawon damtse.

Rana na tsaka muka hango su. Tafiyar da Tiurlan ke yi a rabin sa'a sun yi ta a sa'a biyu. Kowa ya bar kofinsa ya fito kallo, don ba wanda ya taɓa ganin Maruli ko a kan gada ba tare da ya riƙe ƙarfe ba. Da hancin solu ya taɓa yashi ya rarrafo waje, ya zauna daɓas a ƙasa, tafin hannunsa duk ya yi bororo, ya ce in kawo masa kofi baƙi kada in sa sukari, jarumai ba sa shan zaƙi.

Tiurlan ta ɗaure kwale-kwalenta a natse. Sannan ta zaro babban kifin ta kunne, ta tako gaban mutane ta ɗora masa a cinya. A wurinmu kifi daga gidan mace yake fitowa zuwa ga suruki, nama kuma daga gidan namiji, kuma ba wanda ke wurin da bai san haka ba.

"Namu ke nan," in ji ta. "Naku kuma ranar Lahadi bayan coci, a gidan yayana Jonggi. Ka zo da manyanku, in akwai wanda ya rage bai mutu da kunyarka ba."

Maruli ya dubi kifin, ya dube ta.

"Kin yarda ke nan kin yi kuka?"

"Na yi. Kwana tara." Sai dariya ta ƙwace mata, ba ta rufe baki ba. "Amma kwano ukun ma na ci."

Ya rungume kifin ya miƙe da ƙyar, ya tambaye ta yadda ake dafa shi, da ƙaya ko ba ƙaya. Ta fizge abinta daga hannunsa, ta ce ba za ta tsaya tana kallo direba ya ɓata mata kifi ba, ya biyo ta gida ya daka yaji.