Tsohuwar Magudanar Bayan Ɗakin Kaka

"Lafiya lau, angona. Ina gajiyar rushe mini gida?"

Kaka ce, dogare da sandarta tsakanin bulo da tarin yashi. Hadari ya haɗo daga gabas, iska na ɗauke da ƙamshin ruwan da bai sauka ba tukuna. Jikanta magini shi ke gyaran gidan, ya kuma yi alkawarin bana ruwa ba zai ƙara shiga ɗakinta ba.

"Amarya, koma ciki kada iska ta ɗauke ki, ba ni da lokacin neman wata."

"Wa za ta aure ka da kai kamar kwanon kwaɓa siminti? Me ya sa kake haƙa sabuwar magudana can nesa, ga tsohuwa a bayan ɗakina?"

"Ta mutu. Siminti zan zuba in rufe ta. Haka ake wa duk abin da ya tsufa, sai ki yi hattara."

"Kafin a binne ta, a tona."

"Me za a samu? Haƙoranki da suka zube?"

"Wataƙila. Tun da kakanka ya gina ta, ɗigo bai taɓa shigo mini ba. Sai shekarar da jan fulas ɗina na shayi ya ɓata, ruwa ya fara kwana ƙarƙashin gadona. Kuma tun safe ina kallonka, ko'ina ka sa diga ban da nan."

"Ɓarawo ya ɗauke fulas ɗin nan, kowa ya sani."

"Ƙwarai. Ɓarawo ɗan shekara tara, mai kunnuwa irin naka."

Ta yafito leburorin da ke aiki tare da shi. Sara huɗu diga ta tarar da bututu. Aka zura hannu aka fizgo, sai ga fulas, duk tsatsa, cikinsa a fashe. Ya toshe bakin bututun tsaf, kamar dominsa aka yi shi.

Nan take sama ta saki. Ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa yana waƙa, ko kallon ƙofar Kaka bai yi ba. Ta ɗaga fulas ɗin sama, ruwa na zuba a fuskarta.

"Shekara ashirin ina kwalfe ɗaki da kwano, ashe aikin mijin banza ne!"

Magini ya zauna kan bulo, dariya har da hawaye.

"Kuɓuce mini ya yi, Kaka, na ji tsoron bulala. Na sallama. Gobe zan kawo sabo."

"Ja nake so," in ji ta. "Kuma wanda ya fi bakin bututu girma."