Sarkin Iskar Ƙofar Durbi

Allah ya yi wa Katsina baiwa da abubuwa masu yawa: tsohuwar ganuwa, malamai, fura mai sanyi, da kuma Alhaji Almu na Ƙofar Durbi. A cikinsu duka, na ƙarshen ne kaɗai yake tuna wa mutane kullum cewa shi baiwa ne.

Ya yi ritaya yana darakta a wani sashe da har yau ba a gano aikinsa ba, sannan ya faɗa cinikin hatsi, Allah kuma ya buɗa. In ya fito da safe, rigarsa ce take fara yin sallama, don sitacin da ta sha yana ƙara tun daga soro. Ba ya tafiya, saukowa yake yi, ko da a ƙasa mai shimfiɗe. Gidansa kuwa ba gida ba ne, unguwa ce aka yi wa ƙofa ɗaya. Ya soma daga ginin ƙasa na kakansa, mai bango kamar kaurin giwa, ya bi ta sassan siminti da bene, ya ƙare a wani lambu mai mangwaro da gwaiba da lemo. A lambun akwai ɗawisu guda, wanda masu lura suka ce a wurin maigidan ya koyi taku.

Abu ɗaya ya rage wa wannan gwarzo, kujerar majalisar jiha. Ya kai buƙatarsa wurin dattawan jam'iyya. Shugabansu, Alhaji Haruna, ya saurare shi har ya gama, ya ce gida sun gani, riga ma sun gani, saura jama'a. Ya yi alkawarin za su zo da kansu su duba. Idan akwai mutane, akwai takara. Idan babu, a sha fura a watse.

Ana cikin wannan jira ne masifa ta auku. Sakataren jam'iyya ya kira shi ta bidiyo. Alhaji ya ruga lambu don ɗawisu ya fito a bayansa. Yana buɗe baki zai ce "al'ummata", sai hoton ya daskare: baki a wangame, ido ɗaya a rufe, hula ta karkace kamar tana neman hanyar gudu. Wani mara tsoron Allah ya adana hoton, kafin magariba ya zaga wayoyin gari.

Mutum ƙarami da sai ya ɓuya. Alhaji Almu tunani ya yi, ya gano cewa abin da ya tsaya tsakaninsa da majalisa ba rashin jama'a ba ne. Wai-fai ne, wato intanet ɗin gida, bai kai lambu ba. Abin nan da rabin sunansa ma "wai" ne, wanda a bakin Alhaji, kamar na kowane Bakatsine na asali, ya koma wai-hwai.

Aka kira Mustapha mai haɗa intanet daga Ƙofar Guga, mutumin da ya daɗe da fahimtar cewa rabin sana'arsa waya ce, rabi kuma "haka ne, ranka ya daɗe". Ya zaga gidan da waya a sama kamar mai duban wata, yana kallon sandunan sabis suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya duk sanda ya shige bayan bangon kaka. Daga ƙarshe ya ce rauta, wato uwar akwatin da ke raba abin, ta fi son tsakiyar gida. Tsakiyar gida kuwa ta faɗa daidai madafar uwargidansa, Hajiya Baraka.

Alhaji ya gyara hannun riga.

"Madahwa? Malam Mustapha, ka ji abin da ka hwaɗa kuwa? Na'urar da za ta haɗa ni da duniya ta zauna tsakanin turmi da tukunyar miya? Ta riƙa aika wa manyan ƙasar nan saƙona yana ƙamshin daddawa? Shugaba gaba yake zama. Inda nake, nan za ta zauna."

Haka rauta ta samu masauki a falon Alhaji, a can kusurwar gida, cikin kabad ɗin gilashi, tsakanin lambobin yabo. Aka rufe ta da ɗan kyalle mai aiki don kada ƙura ta raina ta. Daga nan sabis ya riƙa fita kamar baƙo mai kunya, ya leƙa tsakar gida, ya ga bango, ya koma.

Sai aka sayo bustoci, ƙananan akwatunan da ke karɓar sabis su miƙa gaba. Alhaji bai yarda a kafa su haka kawai ba, sai da ya naɗa musu sarauta. Wanda aka ɗaure a reshen mangwaro ya zama Hakimin Lambu. Na saman matakala, Dagacin Bene. Na ƙofar gida, Mai Unguwar Zaure. Hakimin Lambu ya yi mulki irin na wasu hakimai, ana ganinsa, ba a amfana. In kana son magana a lambun, sai ka tsaya ƙarƙashin gwaiba, ka fuskanci gabas, ka riƙe numfashi, ka kuma roƙi ɗawisu kada ya gifta.

Mai Unguwar Zaure ne ya fito da ƙarfi. Mustapha ya so ya juya fuskarsa cikin gida. Alhaji ya hana, don akwatin yana da wata 'yar fitila shuɗiya mai ƙyaftawa, kuma bai ga amfanin fitilar da maƙwabta ba za su gani ba. Aka juya shi titi. Da aka zo maganar kalmar sirri, Alhaji ya yi murmushin da yake ajiyewa don ranar ɗaukar hoto.

"Sirri? Ni Almu, wane sirri nike da shi da zan ɓoye wa Katsina? Gidan kakana ba a taɓa kulle shi ba. A bar shi a buɗe."

Gaskiyar da ba a faɗa ba ita ce, Alhaji ko lambar wayarsa sai ya tambayi Hajiya.

Mati ɗan acaba ne ya fara ganowa. Ya tsaya hutawa a inuwar bishiyar bedin ƙofar gidan, sai wayarsa da ta yi makonni ba data ta soma kuka kamar 'yan tsaki. Mati mutum ne mai zumunci. Kafin mako ya zagayo, gindin katangar Alhaji ya cika: 'yan acaba, ɗalibai, masu gyaran takalmi, wani tela da ya ɗauko kekensa, da Idi mai shayi wanda ya matso da teburinsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Gidan na da sola, don haka fitilar shuɗiya ba ta taɓa barci.

Wata la'asar Alhaji ya sauko zuwa ƙofar gida, ya tsaya cak. Mutane ne jere, daga zaure har kwanar titi. Kowa a zaune. Kowa ya sunkuyar da kai. Ba mai ɗaga ido ya dube shi, kamar yadda tarbiyya ta hana a dubi babba. Ya lura manyan yatsunsu suna motsi a hankali a kan cinya, ya gane nan take cewa tasbihi suke ja, addu'a suke yi masa. Ya yi gyaran murya, aka amsa da "ranka ya daɗe" baki ɗaya, ba tare da kai ko ɗaya ya taso ba.

Hawaye ya cika idon bawan Allah.

Daga ranar ya riƙa sa a fito masa da kujera. Yakan yi musu jawabi kan noma, kan tarbiyya, kan yadda ya taɓa gyara wa wani Bature Turanci. Ba mai katse shi. Wani lokaci wani ya tuntsire da dariya a tsakiyar maganar taki, Alhaji ya ji daɗi cewa ashe har barkwanci Allah ya ba shi. Su ne suka raɗa masa Sarkin Iska, tunda alherinsa ta iska yake zuwa. Ɗaya ma'anar kuwa, kowa ya bar ta a cikinsa. Alhaji ya sa aka rubuta sarautar a bayan motarsa.

A cikin gida labari ya sha bamban. Hajiya Baraka ta tare shi a tsakar gida da waya a hannu, ta ce saƙon muryar da ta aika wa ɗiyarta Ramla tun hantsi yake juyi a wuri ɗaya, ga shi tuwon dare har ya kusa sauka.

"Hajiya," in ji shi, "wanda ya auri jama'a, dole iyalinsa su koyi haƙuri."

Hajiya ta dube shi, ta dubi kwandon wanke-wanke, ta zaɓi wanda ya fi sauraro.

Ranar Juma'a bayan la'asar dattawa suka iso. Da farko a lambu aka shirya tarbarsu, amma Alhaji ya sa aka kwaso kujerun zuwa ƙofar gida, don ido ya ga abin da kunne ya ji. Ranar kuwa taron ya fi na kullum. Alhaji Haruna ya dubi wannan teku na sunkuyayyun kawuna, ya ce ikon Allah, rabonsa da ganin ladabi irin wannan tun yana yaro. Sauran dattawa suka gyaɗa kai. Takara ta matso kusa har Alhaji Almu yana jin ƙamshinta.

Saura jawabi. An yi hayar lasifika, amma soket ɗaya ne a zauren, kuma Mai Unguwa ne a kansa. Mai lasifika ya tsaya da waya a hannu yana waige-waige. Alhaji, wanda ba ya barin kowa ya taɓa masu sarautarsa, ya taka da kansa, ya zare filogin.

"Yau ba ranar na'ura ba ce," in ji shi. "Ranar murya ce."

Fitilar shuɗiya ta ƙyafta, ta mutu. Alhaji ya kama makirfo.

"Ya ku al'ummata masu biyayya! Ku da kuka bar sana'o'inku, kuka zaɓi gindin katangata a kan inuwar gidajenku! Wa ya kira ku? Ban kira ku ba. Zuciya ce ta kira zuciya!"

Sai kawuna suka fara tasowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar gero ya ji ruwan farko. A karon farko Alhaji ya ga fuskokin jama'arsa, ya ga damuwa a kansu, ya san kalamansa sun ratsa. Sannan hannaye suka tashi sama, kowanne riƙe da waya, ana karkata ta dama da hagu. Jinjina! Alhaji ya dunƙule hannu ya mayar musu, ya juya ya dubi dattawa don su shaida.

Daga can baya wani babur ya tashi. Wani ya bi shi. Tela ya ɗora kekensa a ka. Idi mai shayi ya soma tattara kofuna. Taron ya riƙa zaizayewa daga gefe, Alhaji kuma ya ƙara murya, yana bayani kan titin da zai shimfiɗa.

Mati ne ya matso. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida Alhaji da gida da iyali da gajiyar jama'a, bai tsallake ko ɗaya ba. Alhaji ya ga dama ta samu. Ya sanar cewa yanzu dattawa za su ji muryar talaka da kunnensu, ya sauke makirfo daidai bakin Mati.

"Ranka ya daɗe," in ji Mati, lasifika ta kai maganar har kwanar titi, "'yan'uwa ne suka ce in roƙa. In jawabin da saura, a taimaka a mayar muna da abin. Kai kuma ka ci gaba da maganarka. Wallahi ko kullum ba ka damunmu."

Alhaji ya juya wurin Alhaji Haruna neman ceto. Ya same shi da waya a sama, yana karkata ta wajen zaure. Dattijon ya sauke hannu a hankali, ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"To, Alhaji, mun zo, mun gani," in ji shi. "In takara ce, ɗan akwatin nan za mu tsayar. Shi ke da jama'a."