Tasalla da Bangon Mutane

A can ƙarshen Tungar Maje, inda hanya ke ƙarewa gonaki su fara, akwai wata bukka da aka kewaye da dangar kara. A nan Tasalla take, ita da cikinta na fari. Mijinta Mati ya tafi cirani kudu, uwarta ta daɗe a ƙasa. Matan gari ba su ƙi ta ba, sai dai magana da Tasalla aiki ce: abin da ka faɗa shi za ta yi, ba ragi ba ƙari. Don haka suka rage zuwa. Abu ɗaya ke cinta a rai, kada haihuwa ta zo ba mai jin motsinta.

Wata rana ta je awo. Malamar asibiti ta ce, "Ki riƙa tafiya da safe, haihuwa za ta zo miki da sauƙi." Washegari Tasalla ta miƙi hanya. Ta wuce rijiya, ta wuce makiyaya, rana ta take tana tafe. Wani mai amalanke ne ya tsince ta a kan iyakar wani gari.

"Baiwar Allah, ina zuwa?"

"Ba a faɗa min ba."

"To ki koma gida mana!"

"Ba a ce in juyo ba."

A kan buhunan dawa ya maido ta.

Wata rana Gwaggo Hansai, tsohuwar ungozoma, ta gan ta zaune ta yi tagumi. Ta ce, "Ke 'yar nan, zama ba ya buɗe ƙugu. Duk inda kika ga turmi, kama taɓarya." Tasalla ta ji daɗi, ga dalilin shiga gidajen mutane ya samu. Ta surfa wa wannan gero, ta daka wa waccan kuka. A gidan Ladiyo ta tarar da gyaɗar iri an ajiye cikin turmi don kada kaji su cinye, ta mai da ita tunkuza. Ladiyo ta yi kuka, ta yi zagi. Daga ranar, da an hango Tasalla sai a kife turmi. Ta koma bukkarta tana ba cikinta labari, shi kuma yana amsawa da shuri.

Wata rana da hantsi mara ta murɗa. Ta tuna malamar ta ce, "In naƙuda ta fara kada ki kwanta. Ki yi ta takawa, in ciwo ya taso ki dafa bango." Tasalla ta duba dama, kara. Ta duba hagu, kara. Sai ta nufi cikin gari neman bango.

Na farko da ta samu na Ladiyo ne. Ta dafa, ta yi nishi. Ladiyo ta leƙo da masifa a baki, ta ga zufa, ta haɗiye.

"Ke, haihuwa ce! Shigo!"

"An ce in taka."

Haka ta yi ta bin bangon mutane, kowane gida mace na fitowa tana gyara ɗaurin zani. Kafin ta kai asibiti, mata sun cika hanya a bayanta, wannan riƙe da hannu, waccan da buta. Tana durƙusawa yarinya ta faɗo, tun malamar ba ta gama wanke hannu ba.

Malamar ta ce, "Tafiyar ta yi miki rana. Amma Tasalla, ai bangon ɗakinki nake nufi."

Tasalla ta dubi matan da suka toshe ƙofa, kowace na rigimar ita za ta dafa ruwan wanka.

"Ɗakina ba bango, Malama," in ji ta. "Kuma ba kowa a ciki."