Nomau da Tsohuwar Fijon Babansa

A ƙauyen Tudun Kanya akwai wani gida mai mutum uku da mota ɗaya. Akwai Baba Sallau, tsohon direba da ciwo ya kwantar, idanunsa kuma suka dushe. Akwai 'yarsa Tabawa da ta dawo gida jinya. Sai ƙanenta Nomau, wanda furfura ta fara kama gemunsa amma hankalinsa bai bi shekarunsa ba. Abin da ka faɗa wa Nomau shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da kai kanka ba ka yi nufin a kai shi can ba.

Motar kuwa tsohuwar Fijo ce, ta daɗe a fake gindin darbejiya. A cikinta aka kawo uwarsu Hajo amarya, a cikinta kuma aka kai ta asibitin da ba ta dawo ba. Baba Sallau ba shi da sauran buri a duniya illa ya sake zama a kujerarta ya riƙe sitiyari, kuma kowa ya san ba shi da sauran lokaci mai yawa. Sai dai tsatsa ta cinye ƙasan motar, kafet ya ruɓe. Tabawa ta rantse ba za a kai tsohon ciki ba sai an gama gyara tsaf. Malam Ɗantani mai walda, wanda a da shi ne yaron motar Baba, ya ɗauki aikin, Nomau ya zama hannun damansa, Allah sarki.

Wata rana Ɗantani ya yaye ruɓaɓɓen kafet, ya miƙa wa Nomau burushin ƙarfe. Ya ce, "Ka yi ta kankarewa, kada ka tsaya sai ka ga ƙarfe na ƙyalli." Ya tafi cin kasuwa. Nomau ya duƙufa. A gefen direba babu sauran ƙarfe, tsatsa ce zalla, nan da nan wurin ya ɓurme. Nomau ya leƙa, bai ga ƙyalli ba, sai ya zura hannu ta ramin ya ci gaba da kankarar ƙasa. Da la'asar Ɗantani ya tarar da shi ya haƙa rami har gwiwar hannu, yatsu duk jini.

"Kai, rijiya na ce ka haƙa?"

"Malam, har yanzu bai yi ƙyallin ba."

Ɗantani ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga yatsun, ya haɗiye.

Wata rana, bayan an yi walda an toshe ramukan, Ɗantani ya shafe ƙasan motar da jan fenti mai hana tsatsa. Ya ce, "Kada ka bar ko ɗigon ruwa ya taɓa nan." Damina ce, gilashin baya kuma a fashe. Da hadari ya taso, Nomau ya shiga ya kwanta rub da ciki a kan ɗanyen fentin, ruwa na dukan bayansa. Da ƙyar aka ɓamɓaro shi, ja wur tun daga goshi har cinya, maƙwabta suka yi ta dariya. A yammacin nan ne Baba ya kasa haɗiye ko kunu. Tabawa ta hango Nomau, wanda ya koma gadin fentin, ya fito daga motar da gudu, ya je can bayan rumbu ya tsuguna yana kuka.

Ta bi shi ta ce, "Me ya kawo ka nan?"

"Yaya, hawaye ma ruwa ne."

Wata rana Ɗantani ya ce, "Kafin a sa kafet sai an shimfiɗa abin da zai tare zafin inji da sanyin ƙasa. Ka nemo mai kauri, wanda komai ba ya ratsa shi." Soso yake nufi, irin na masu katifa. Nomau kuwa abu ɗaya ya sani a duniya da sanyi ba ya ratsawa, domin tun yana yaro yake jin Baba na faɗa: gwadon Inna. Ya buɗe akwatin marigayiyar, ya ɗauko gwadon, ya yayyanka daidai wurin ƙafa, ya manne da gam. Tabawa ta zo ta gani, ta ɗora hannu a ka. Shi kaɗai ne abin uwarsu da ya rage. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi sauƙi. Ta daina yi masa magana.

Wata rana Ɗantani zai tafi birni sayo kafet. Ya duba aikin, ya ce, kamar yadda masu sana'arsa suka saba cewa, "A ƙa'ida ba a rufe aiki sai mai mota ya gani ya ce ya yi." A ransa, in Tabawa ta gani ma ya wadatar. Nomau ya jira ta tafi ɗebo ruwa, ya shiga ɗaki, ya goya Baba a baya. Ya ji shi ba nauyi, kamar dami na karan dawa. Ya kai shi ya zaunar a kujerar direba.

Tabawa ta yar da bokiti ta rugo. "Nomau, kashe shi za ka yi? Ko kafet ba a sa ba!"

"Malam ya ce sai mai mota ya gani."

Tsohon bai ji su ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ƙafafunsa ba takalmi, ya yi ta goga tafinsu a kan shimfiɗar, a hankali, can ya tsaya cak.

"Wannan ai gwadon Hajo ne," in ji shi. Ya yi murmushin da rabonsu da ganinsa tun rasuwarta. "Ga ɗuminta nan. Ya yi, Nomau. Ku bar shi haka."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Kafet bai iso ba sai bayan sadakar uku.

Ɗantani ya zo da shi a naɗe a kafaɗa, sabo fil. Ya tarar da Nomau zaune a bakin ƙofar motar, ya tare hanya.

"Matsa in shimfiɗa."

"Mai mota ya ce a bar shi haka."

Ɗantani ya dubi Tabawa, ko za ta lallashe shi. Ita kuwa ta cire takalmanta, ta ce, "Nomau, ɗan matsa mini." Ta shiga ta zauna, ta ɗora ƙafafunta a kan gwadon.