Ƙahon Saniya a Babur ɗin Ivano

"Lafiya lau, Nonno. Ya tsufa? Na ga har yanzu ƙasa kake gaisarwa, ba mutane ba."

"Tsufa yana gaishe ki, ya ce yana nan tafe gidanku. Wa ya kira ki, mummuna?"

Ina bakin tagar shagona ina murza piadina, irin gurasarmu ta nan Italiya, garejin maƙwabcina tsoho Ermete kuwa a wangale, saboda haka kada a ce laɓe na yi. Nives ce, jikarsa, mai kiransa Nonno, wato kaka, ta zo daga garin Forlì inda take kanikanci, da wani dogon ƙarfe a hammata. Gobe Lahadi masu babura za su hau dutse Fada, limamin coci, ya yayyafa musu ruwan tsarki. In ya gama sai ya kira sunayen mahayan da suka mutu, kowane suna kuma babur ɗin gidansu ne ke amsawa da rugugi. Wanda ba a kawo nasa ba, shiru ne ke amsa masa, shirun nan kuwa ba daɗin ji. Tun da ciwo ya ɗauke Ivano, uban Nives, a kan gado, shi da duk muka ɗauka kwanar dutse ce ajalinsa, tsohon ne ke kai jan babur ɗinsa na tsere. Bana kuwa bayansa ya ƙi, wuyansa ya ƙi. Babur ɗin kuwa mariƙinsa can ƙasa yake, sai mutum ya kwanta a kan tanki kafin ya kamo shi.

"Mene ne wannan kika ɗauko? Sanda kika kawo mini?"

"Mariƙi ne, mai tsayi. In na ɗaura maka shi zaune za ka yi sosai kamar mutum."

"Ƙahon saniya! A babur ɗin Ivano? Sai ki haɗo mini da jakar wasiƙu in riƙa bi gida gida."

"Mai kai wasiƙa dai yana isa inda za shi. Kai fa? An ce ran Talata ka hau, aka taru aka ɓamɓaro ka daga kan tanki kamar ƙanzo."

"Ƙarya ake mini! Injin nake saurara."

"Har da kiran Maryamu Uwar Yesu?"

"Ke, tsohuwar zuma da ita ake magani. Ni da na sauko daga dutsen nan na riga ƙarar babur ɗina isowa gida, sai da na sha kofi sannan ta iso."

"To yanzu tarinka ke riga ka isowa. Matsa in wuce."

"Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Tun lokacin sanyi nake binka da maganar nan kana zille mini. Girman kai rawanin tsiya, Nonno."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Me ka hango? Wuyanka ba ya ɗaguwa. Tayar gaba kaɗai kake hangowa."

Na yi dariya har na ƙona piadina ɗaya. Amma da ta sa sifana a kan noti na farko, sai muryar tsohon ta sauya. Ya dafa robar mariƙin nan da ta suɗe, ta loɓa daidai wurin yatsu.

"Kada ki yanke wannan robar."

"Ba zan yanke ba."

"Hannunsa ne ya cinye ta haka. Ni ɗora nawa kawai nake yi a gurbin nasa."

"Na sani, Nonno. Da robar da ƙarfen tare zan zare su in naɗe a tsumma."

"Tsumma mai tsabta. Ba irin rigarki ba."

Ta kama aiki. Ta ɗaura ƙafafun da za su ɗaga sabon mariƙin, ta sauya wayar kuloci da ta birki da masu tsawo, ta juya kan babur hagu da dama don ta ga ko zai bugi tanki. Shi kuwa yana kan kujera yana ta zuba: wa zai aure ta da baƙin mai a farce, notin can ta ɗaure shi kamar mai jin yunwa. Ni na san Ermete. In bakinsa ya ƙi tsayawa, kuka yake dannewa, kuma raina ya ɓaci da ganinsa haka.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Kujerar mulki ta haɗu."

Ta tallafe shi ya hau. Ya zauna tsaf, bayansa a miƙe, ya ɗaga kai ya dubi titi.

"Ashe an yi wa coci fenti," ya ce.

"Tun bara. Ya ka ji bayan?"

"Kamar ina kujerar aski. Abin kunya ne, amma da daɗi."

"To matsa kuloci mu ji."

Ya kai hannun hagu. Yatsun suka kama ƙarfen, suka jawo shi rabi, suka tsaya suna rawa. Ya saki, ya sake kamawa. Wannan karon ko rabin bai kai ba.

"Kin ɗaure wayar da yawa, 'yar koyo."

Nives ta sa yatsa biyu ta matse shi har ƙarshe. Ba ta so yin haka ba, hannun ma'aikaci ne ya riga ta, na ga ta cije leɓe.

"Nonno, tun yaushe?"

"Tun da cokali ya fara faɗuwa. Na ce ko in na miƙe zaune hannun zai tuna aikinsa."

"Shi ne ka bar ni ina ta zufa a banza?"

"Ai gara ki motsa jiki, kin fara ƙiba."

Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi hannun, sannan ya ce, "Gobe za a kira Ivano a ji shiru ke nan. Mutane su ce gidansu ba kowa."

"A ɗora shi a mota mana."

"Babur ɗin Ivano a bayan mota kamar gawa? Ya hau da ƙafarsa ko ya zauna." Ya dube ta. "Ke kuma ba kya zuwa."

"Ba zan iya jin sunan a bakin Fada ba, Nonno. Ka sani."

"Ni an ce miki iyawa nake yi? Don me kike tsammani ake murɗa totur? Don kada a ji kukan mazaje ne, sakarya."

Ta share ido da bayan hannu, ta bar zanen baƙin mai a kumatu.

"In na kai ka, a baya za ka zauna fa. Kamar buhun dankali."

"Buhun dankali ba ya gyara wa direba tuƙi. Ni zan gyara, tun daga ƙofar gida."

"Zan sauke ka a kwanar farko."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In kika yi mini tafiyar kunkuru da kaina zan sauka." Ya lalubo makullin a aljihu ya cusa mata a tafin hannu. "Cire wannan ƙahon ki mayar da na ubanki. Bayanki lafiyarsa lau."

"Aikin wuni guda, tsohon nan!"

"Na ce miki kin fara ƙiba."

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta sunkuya ta ɗauki sifana. Shi ma ya yi 'yar dariya, ya riƙo gefen rigarta.

"Abu ɗaya, Nives. In Fada ya kira sunan, ki sauka ki ba ni wuri. Hannun daman mai murɗa totur bai mutu ba tukuna. Ni zan amsa wa ɗana."