Ranar da Na Amsa Tambayoyin Uwa

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da na kai jikata Ummi ƙaramin asibiti a Batsari ba. Shekarunta biyar. Tun da 'yan bindiga suka taso mu daga Ruma ta rage magana, fitsarin kwance ya dawo. Ni kuwa na ce sangarta ce, na sha daka mata tsawa.

Tari ne ya kai mu, ni da ita da uwarta Hajara, matar ɗana. Bayan an rubuta magani, malamar asibitin ta ɗauko wata takarda, ta ce tambayoyi ne kan halin da zuciyar yaro ke ciki, uwa ake yi wa. Na gyara zama na ce, "'Yata, tambaye ni, gidana ne." (Ummi 'yar fari ce. Hajara ko sunanta ba ta kamawa, balle a gaban suruki.)

"Baba, tana wasa da yara?"

"Har ta gaji."

"Akwai ƙarar da ke firgita ta?"

"Jikata? Haba!"

Haka na yi ta jero lafiya lau kamar ana gaishe ni a ƙofar masallaci. Malamar ta ajiye biro ta ce, "Baba, ɗan sha iska a waje mana."

Na zauna a benci gindin taga, ina jin komai. Hajarar da na ɗauka ba ta da baki ta yi ta bayani. Ashe Ummi ta daina wasa da kowa. In ta ji ƙarar babur sai ta shige bayan randa ta toshe kunnuwa tana makyarkyata, don a kan babura 'yan bindigar suka shigo mana.

Malamar ta ce, "To yau a me kuka zo?"

Hajara ta yi ƙasa da murya. "A babur ɗin Baba."

Ni na ɗora Ummi a kan tankin babur ɗin tana tirjewa, ina ce mata mai taurin kai.

Har gobe ina mamakin takardar nan. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin Ummi ba, amma ya san daidai inda zai taɓa. Ni da na aurar da 'ya'ya tara ban san yaro na ciwon da ba a jiki yake ba. Allah mai iko!

Malamar ta koya mana yadda za mu lallaɓa yarinyar, ta sa mana ranar dawowa. Da hannu na tura babur har gida, jama'a na tambaya ko mai ne ya ƙare, ina cewa e. Yanzu a gidana, in ana maganar yaro, tsoho sauraro yake yi.